Yadda ake buga Whot da abokai, da wasan karta na mutum ɗaya

Daga cikin wasannin karta da ake bugawa a Najeriya babu wanda ya kai Whot yaɗuwa, domin za ka tarar da shi a majalisar matasa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da tsakar gida idan yara suka dawo hutu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi, amma dokokin da suka sa wasan ya yi armashi a wurinmu, irin su ɗauki biyu da kowa ya je kasuwa, wato ya ɗauki kati daga tulin da ya rage bayan rabo, a nan suka samu gindin zama. Sabon shiga yakan ɗauka sa'a ce kawai take ba mutum nasara, alhali wanda ya san abin da ke cikin kwalin, yake kuma lura da abin da ya faɗi a fili, shi ne yake yawan tashi da wuri, wato ya riga kowa zubar da katunan hannunsa.

Kayan da ake buƙata

Abu na farko shi ne kwalin Whot cikakke, mai kati 54, kuma ya kamata ka ƙirga shi kafin a zauna. Katunan iri biyar ne. Akwai mai da'ira, wanda 'yan wasa suke kira bol, guda 12, da mai kusurwa uku, wato angul, shi ma guda 12, kuma lambobinsu ɗaya ne: 1, 2, 3, 4, 5, 7, 8, 10, 11, 12, 13 da 14. Sai mai gicciye, wato kuros, guda 9 da mai kusurwa huɗu, wato kafet, guda 9, waɗanda ba su da 4, ba su da 8, ba su da 12. Tauraro shi ne mafi ƙaranci, guda 7 kacal, daga 1 zuwa 5 sai 7 da 8. Ragowar biyar ɗin su ne katunan Whot masu lamba 20. Idan ka nemi 6 ko 9 ka rasa kada ka ce kwalin bai cika ba, domin tun asali babu su a ciki.

Bayan wannan sai wuri mai shimfiɗe, tabarma ko tebur ko benci, da takarda da biro idan za a riƙa rubuta maki. Idan a waje ake zaune lokacin hunturu, a samu ɗan dutse a danne kasuwa da shi don kada iska ta kwashe ta. Mutum biyu suna iya bugawa, amma wasan ya fi daɗi da mutum uku zuwa biyar.

Idan katunan sun tsufa suna manne wa juna, a barbaɗa musu hoda kaɗan a cakuɗa, za su sake santsi. Wanda ya lanƙwashe ko ya yage a gefe kuwa matsala ne, musamman idan Whot ne ko 2, saboda kowa zai gane shi ta baya, kuma gara a cire shi gaba ɗaya a sanar da kowa cewa babu shi. Idan babu kwalin Whot sam sai kartar nan mai kati 52, ana iya bugawa da ita: A ya zama 1, K ya zama na kowa ya je kasuwa, joka biyu su zama Whot, idan kuma babu joka a ba katunan J wannan matsayi.

1. A daidaita dokoki kafin a raba

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma daga nan yawancin gardamar Whot take tasowa, domin kusan kowace majalisa tana da nata tsarin. Tun ran gini tun ran zane, saboda haka kafin mai rabo ya taɓa kwalin a amsa waɗannan tambayoyi a gaban kowa. Shin wanda aka jefa wa 2, katin da yake sa mutum ya ɗauki biyu, yana iya kare kansa da wani 2 ya tura wa na gaba? Shin ana iya tashi da kati mai iko, kamar 14 ko Whot? Shin mai lamba iri ɗaya guda biyu yana iya jefa su tare? Idan kasuwa ta ƙare, ƙirga maki za a yi ko sake cakuɗawa? Kuma wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba, kati nawa zai ɗauka?

Ga sabon shiga, ina ba da shawarar a yarda da kare kai, a hana jefa biyu tare, sannan a bar mutum ya tashi da kowane kati. Wannan tsari ya fi sauƙin bi, kuma bai cika jawo musu ba. Abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa shi ne kuɗi: kada a sanya ko naira goma, domin da zarar kuɗi ya shiga wasan ya zama caca, wadda addini ya haramta, kuma ita ce take mayar da zaman raha ya koma rigima.

2. Cakuɗawa da rabo

Mai rabo ya cakuɗa katunan sosai a kife, ya miƙa wa na kusa da shi ya yanka, wato ya ɗauke wani kaso daga sama ya mayar da shi ƙasa. Sannan ya raba ɗaya-ɗaya yana zagayawa, ba ya ba mutum nasa a dunƙule ba, domin katunan da aka jefa a zagayen baya sukan taru iri ɗaya wuri ɗaya. Idan mutum biyu ko uku ne a ba kowa 6, idan huɗu ko biyar ne a ba kowa 5 ko 4. Dalili shi ne girman kasuwa: idan mutum shida suka karɓi shida-shida, kati 36 sun tafi, aka buɗe ɗaya a fili, saura 17 kawai, kuma katin 14, mai tura kowa kasuwa, idan ya faɗi sau biyu ya isa ya cinye fiye da rabinsu.

Abin da ya rage a ajiye shi a kife a tsakiya, shi ne kasuwa. A buɗe na samansa a ajiye a gefe, shi ne katin fili da za a fara bi. Idan Whot ne ya fito, hanya mafi adalci ita ce a cusa shi tsakiyar kasuwa a buɗe wani.

3. Yadda ake jefa kati

Wanda yake bin mai rabo shi ne zai fara, kuma dokar ɗaya ce tak: ka jefa katin da ya yi daidai da na fili, ko a siffa ko a lamba. Idan bol 7 ne a fili, kana iya jefa kowane bol, ko kowane 7, ko Whot. Idan ka jefa kuros 7, to wasan ya koma kuros, na gaba kuma zai nemi kuros ko 7. Wanda ba shi da abin jefawa ya je kasuwa, wato ya ɗauki kati ɗaya daga sama, layi ya wuce shi. A yawancin wurare ba a jefa katin da aka ɗauko nan take ko da ya dace, sai layi ya sake zagayowa.

Ka riƙe katunanka kusa da ƙirji, ka jera su iri-iri domin ka ga wace siffa ce ta fi yawa a hannunka. Kuskuren da sababbi suke yi shi ne zaro kati tun layi bai zo kansu ba, wanda yake nuna wa mai jefawa kafin su cewa suna da abin da ke fili, shi kuwa sai ya canza siffar.

4. Katuna masu iko

Lamba 1 ita ce ta tsayawa: kowa ya dakata, wanda ya jefa ya sake jefa wani da ya dace da ita, idan ba shi da shi ya je kasuwa. Lamba 2 tana sa na gaba ya ɗauki biyu ya rasa layinsa, lamba 5 kuma ya ɗauki uku. Idan an yarda da kare kai, wanda aka jefa wa 2 yana iya ɗora nasa 2, sai na gabansa ya ɗauki huɗu, haka nan 5 a kan 5 ya zama shida. Amma 5 ba ya kare 2, 2 ba ya kare 5, kuma a yawancin majalisu Whot ba ya kare ko ɗaya daga cikinsu. Lamba 8 tana tsallake na gaba, a wasu wuraren ma tauraro 8 mutum biyu yake tsallakewa. Lamba 14, wadda ake kira janar maket, tana tura kowa kasuwa ya ɗauki ɗaya ban da wanda ya jefa, sannan shi ya ci gaba. Whot kuwa ana jefa shi a kan kowane kati, mai shi ya faɗi siffar da yake so, misali ya ce kafet, na gaba dole ya kawo kafet ko wani Whot ko ya je kasuwa. Siffa ake kira da Whot, ba a kiran lamba.

Idan mutum biyu ne suke bugawa, 1 da 8 da 14 duk suna dawo maka da layi, kuma wanda ya iya jera su yana iya zubar da hannunsa gaba ɗaya abokinsa yana kallo. A ce bol 11 ne a fili, kai kuma kana riƙe da bol 1, bol 8, angul 8, angul 14 da angul 3. Ka fara da bol 1, layi naka ne. Ka ɗora bol 8, ka tsallake shi. Ka ɗora angul 8 a kansa saboda lamba ta yi daidai, ka sake tsallake shi, wasan kuma ya koma angul. Ka jefa angul 14, ya je kasuwa, ka sanar cewa saura ɗaya, sannan ka ajiye angul 3 ka tashi. Da ka fara da bol 8 ka bi shi da angul 8, da bol 1 ya maƙale a hannunka babu hanyar komawa gare shi. Saboda haka kafin ka jefa na farko, ka bi jerin a zuciyarka har ƙarshe.

5. Sanarwa da tashi

Idan ka jefa kati ya rage maka ɗaya, dole ka sanar da babbar murya, kamar yadda ake cewa las kat, tun kafin na gaba ya jefa nasa. Wasu majalisu suna buƙatar sanarwa tun saura biyu. Wanda ya yi shiru aka kama shi zai ɗauki abin da aka yanke tun farko, galibi kati biyu. Idan ka ajiye na ƙarshe ka ce cekof, zagayen ya ƙare. Kada ka ɓoye yawan katunanka a ƙarƙashin cinya ko cikin aljihu, domin duk wanda ya tambaye ka nawa suka rage maka yana da haƙƙin ka faɗa masa gaskiya.

6. Ƙirga maki

Bayan wani ya tashi, sauran su buɗe hannunsu a ƙirga. Kowane kati yana cin lambarsa, sai tauraro da ake ninkawa biyu, Whot kuma 20. Wanda aka kama da tauraro 7, bol 12 da Whot yana da 14 da 12 da 20, jimla 46. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai mai maki mafi yawa ya fita a sake rabawa tsakanin sauran har a rage mutum biyu, ko kuma a riƙa tara makin kowa a takarda, wanda ya kai 100 ya fita. Hanya ta biyu ta fi dacewa idan za a daɗe a zaune, saboda mummunan rabo guda ɗaya ba ya korar mutum ya koma ɗan kallo.

Idan kasuwa ta ƙare babu wanda ya tashi, a bi abin da aka daidaita: ko a ƙirga nan take mai maki mafi ƙanƙanta ya ci, ko a bar katin sama a fili a cakuɗa sauran su zama sabuwar kasuwa.

7. Dabarun da suke raba gwani da ɗan koyo

Nan ne sanin abin da ke cikin kwalin yake aiki. Lambobin 1, 2, 3, 5 da 7 suna cikin dukkan siffofi biyar, saboda haka su ne gadar da ake bi a canza siffa, kuma bai kamata a zubar da su da wuri ba. Lambobin 10, 11, 13 da 14 guda huɗu-huɗu ne, 4 da 8 guda uku-uku, 12 kuwa biyu ne kacal a kwalin duka, bol da angul. Ma'ana, idan kana riƙe da angul 12 kuma bol 12 ya riga ya faɗi, babu abin da zai fitar da shi sai wasa ya dawo angul, don haka ka rabu da shi a damar farko. Haka nan manyan taurari, 7 da 8, waɗanda suke cin 14 da 16 a lissafi kuma siffarsu ba ta cika daɗewa a fili ba.

Dabara ta biyu ita ce lura da inda kowa ya je kasuwa. Idan kafet 10 ne a fili mutum ya miƙa hannu kasuwa, ka san cewa a wannan lokacin ba shi da kafet kuma ba shi da 10, sai dai idan da gangan ya yi. Riƙe wannan a ranka, domin lokacin da ya ce saura ɗaya kai kuma kana da Whot, kafet za ka kira. Idan ba ka da wata alama game da hannunsa, ka kira siffar da ta fi faɗuwa a fili, ko tauraro tunda shi ne mafi ƙaranci, matuƙar kai kanka kana da abin bi.

Game da 2 da 5, ɗan koyo yakan jefa su tun zagayen farko don ya ji daɗin ganin abokinsa yana kwasar kati. A ganina wannan asara ce, domin ƙara wa mai kati shida wasu biyu ba ya canza komai, har ma yana ba shi zaɓi. Amfaninsu yana fitowa ne lokacin da na gabanka ya rage da ɗaya ko biyu, ko lokacin da aka jefo maka kana neman kariya. Su biyar-biyar ne a kwalin, saboda haka idan ka ga 2 guda huɗu sun faɗi, na hannunka babu mai kare shi.

Whot shi ne katin da ya fi dacewa a tashi da shi idan doka ta yarda, tunda babu abin da zai hana shi sauka. Amma riƙe shi yana da haɗari, domin idan wani ya riga ka tashi maki 20 ne a wuyanka. Da zarar mutum biyu sun sanar da katinsu na ƙarshe, ko kasuwa ta kusa ƙarewa a inda ake ƙirgawa, ka sauke shi tare da manyan lambobi.

Idan kai kaɗai ne

Whot ba ya buguwa da mutum ɗaya, kuma katunansa ba su dace da wasan kaɗaici ba saboda launinsu ɗaya ne kuma lambobin suna da giɓi. Abin da ake bugawa shi ne Solitaire, wanda mutane da yawa suka fara gani a kwamfuta tun da kamfanin Microsoft ya sanya shi cikin Windows a 1990, alhali da kartar hannu aka san shi tun kafin nan. Ana buƙatar karta mai kati 52, a cire joka, da wuri mai faɗin da zai ɗauki layi bakwai.

1. Ka cakuɗa ka jera layi bakwai daga hagu zuwa dama: na farko kati 1, na biyu 2, har na bakwai mai 7, duka a kife sai na saman kowane layi da za ka buɗe. Kati 28 ke nan, sauran 24 su ne kasuwarka.

2. Ka bar gurbi huɗu a sama, ɗaya ga kowace siffa. Kowane gurbi yana farawa da A, sai 2, sai 3, har zuwa 10, J, Q da K, duka siffa ɗaya. Ka ci wasan idan katunan duka suka hau can.

3. A cikin layukan bakwai kuwa ana jerawa ne daga babba zuwa ƙarami, ja a kan baƙi, baƙi a kan ja. Jan 9 yana hawa baƙin 10, baƙin 8 ya hau jan 9. Jerin da ya haɗu ana iya ɗauke shi gaba ɗaya zuwa wani layi, kuma duk lokacin da kifaffen kati ya zama shi ne a sama sai ka buɗe shi. Layin da ya zama fanko K kaɗai yake shiga cikinsa.

4. Idan motsi ya ƙare ka buɗe kasuwa. Ɗan koyo ya riƙa buɗe ɗaya-ɗaya, wanda hannunsa ya faɗa kuma ya buɗe uku-uku yana amfani da na sama kawai, wanda ya fi wuya sosai.

Kuskure biyu ne suka fi kashe wannan wasa. Na farko shi ne kwashe layi a bar shi fanko alhali babu K a kusa, wanda yake rage maka wurin ajiya a banza. Na biyu shi ne gaggawar tura kati gurbin sama: A da 2 a tura su nan take, amma jan 6 da ka ɗaga yana iya zama shi ne wurin da baƙin 5 yake buƙata daga baya. Idan kana da zaɓi tsakanin motsi biyu, ka zaɓi wanda zai buɗe kifaffen kati a layi mafi tsawo, wato na shida ko na bakwai, domin a can yawancin katunan suke ɓoye. Ba kowane rabo ne yake warwaruwa ba ko da an buga shi daidai, saboda haka idan ka zagaya kasuwa gaba ɗaya babu katin da ya motsa, ka tattara ka sake cakuɗawa.